Rance a unguwar Yahudawa, turmutsitsin zakka a garinmu

A arewacin Landan akwai wata unguwa da ake kira Stamford Hill, inda Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, waɗanda ake ce wa Hasidawa, suka fi taruwa a duk nahiyar Turai. Su ne masu dogayen baƙaƙen riguna da manyan huluna, da gashin da ke saukowa ta gefen kunne. Na daɗe ina zaune a gefen wannan unguwa, kuma Musulmi muna da yawa a wurin, domin masallatan Indiyawa da na Turkawa suna nan tsakanin majami'unsu. Bas ɗaya muke hawa, asibiti ɗaya muke zuwa. Akwai abubuwa na rayuwarsu da ba su burge ni ba, kuma zan faɗe su. Amma akwai abu ɗaya da kullum na gan shi sai hankalina ya koma Kano, raina ya ɓaci: yadda suke taimakon talakansu ba tare da sun tozarta shi ba.

Duk wanda ya zauna kusa da su zai ji ana maganar gemak. Wuri ne da ake ba da aro ko rance, ba a karɓar ko sisin kwabo a kai. Akwai gemak na kuɗi, inda mutum zai je ya ce kuɗin haya ya gagare shi, ko zai aurar da 'yarsa, ko yana son jarin buɗe shago. Zai kawo wanda zai tsaya masa, a rubuta yarjejeniya, a ba shi, ya riƙa biya wata-wata har ya gama. Akwai kuma gemak na kaya, kuma wannan ne ya fi ba ni mamaki: rigunan amare, kujeru da teburan biki, keken guragu, gadon jarirai, sandar da mai karaya ke dogarawa, har kayan gyaran gida. Yawancinsu ba su da ofis. Ɗaki ne a gidan wani, matar gida ke riƙe da littafin da ake rubuta wanda ya ɗauka da ranar da zai mayar. Sau da yawa iyali ne ke buɗe shi da sunan mamacinsu don ladan ya isa gare shi, abin da mu za mu kira sadakatul jariya. Amarya 'yar talaka tana sa riga mai tsada ranar bikinta, kuma ba wanda ya isa ya gane ta aro ce, tunda masu hali ma suna ara.

Wannan ba dabarar zamani ba ce. Tushenta yana cikin littattafan addininsu, kuma wanda ya fi kowa tsara ta mutum ne da ya yi kusan dukan rayuwarsa a ƙasashen Musulmi, wato Musa bin Maimun. An haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus wajen shekarar 1138. Iyalinsa sun bar garin bayan Muwahhidawa, masu daular Musulunci daga Maroko, sun karɓe shi a 1148, ya zauna a Fas ta Maroko, daga baya ya sauka a Masar inda ya zama likita a fadar Salahuddin Ayyubi, ya rasu a 1204. Da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, amma babban kundinsa na shari'a, Mishne Tora, da Ibrananci ya yi shi. A babin kyauta ga matalauta na wannan kundi ya kasa bayarwa hawa takwas. Na ƙasa duka shi ne wanda ya bayar yana ɓata rai. Sama da shi akwai wanda ya ba da kaɗan amma da sakin fuska, sai wanda ya bayar bayan an roƙe shi, sai wanda ya bayar tun kafin a buɗe baki. Daga nan sai a shiga matakan sirri: inda mai bayarwa bai san wanda ya karɓa ba, inda mai karɓa bai san wanda ya ba shi ba, sai kuma inda duk su biyun ba su san juna ba.

Hawan da ya ɗora a kan dukansu shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Ya ce ba abin da ya fi ka riƙe hannun wanda ya fara durƙushewa, ka ba shi kyauta ko rance, ko ka shiga haɗin gwiwar kasuwanci da shi, ko ka nema masa aiki, har ya kai ba ya bukatar roƙon kowa. A lura da ma'aunin da ya yi amfani da shi. Bai auna hawan nan da yawan kuɗi ba, bai kuma auna su da yadda zuciyar mai bayarwa ta yi sanyi ba. Tun daga ƙasa har sama, abin da yake dubawa shi ne halin da aka bar mai karɓa a ciki: an kunyata shi ko an rufa masa asiri, gobe zai dawo roƙo ko ya tsaya da ƙafarsa.

Ya ɗauko wannan ne daga Talmud, tarin muhawarorin malamansu wanda aka kammala a Iraƙi wajen ƙarni na 6 miladiyya. A can an ce mai ba da rance ya fi mai ba da sadaka, wanda kuma ya zuba jari suka yi tarayya ya fi su duka. An ruwaito wani malami, Rabbi Yannai, ya ga mutum yana miƙa wa talaka kuɗi a bainar jama'a, ya ce masa da ka bar shi ba ka ba shi ba, da ya fi wannan kunyar da ka ba shi. Suna ɗaukar kunyata mutum a gaban jama'a kamar zubar da jininsa, hujjarsu kuwa ita ce jini yana gudu daga fuskar wanda aka muzanta. Akwai labarin wani malaminsu, Mar Ukba, wanda kullum yakan saka tsabar azurfa huɗu a ƙofar wani maƙwabcinsa matalauci ya wuce. Wata rana talakan ya laɓe don ya ga mai yi masa wannan alheri. Da Mar Ukba da matarsa suka ga ya biyo su, suka ruga suka faɗa cikin tanderun da ba a daɗe da kwashe wutarsa ba, don kada ya gan su ya ji nauyi. Ƙafafun mijin suka fara ƙonewa, na matar ba su ƙone ba. Ta ce masa dalili shi ne ita tana gida, mai yunwa yana zuwa ta ba shi abin da zai ci nan take, shi kuwa kuɗi yake bayarwa, sai an je an sayo. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna iyayenmu mata na cikin gida, waɗanda ba a taɓa jin sunansu a rediyo ba, amma ba a kwana ba su zuba wa wani yaro tuwo a ƙoƙo ba.

Mai karatu Musulmi zai ce ai mu ma muna da wannan, kuma gaskiyarsa. Suratul Baƙara ta ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, a aya ta 264. Aya ta 271 ta ce idan muka ɓoye muka ba matalauta ya fi mana alheri. Aya ta 273 ta nuna mana mabukatan da wanda bai san su ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kansu. Cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa ranar da babu wata inuwa, akwai wanda ya yi sadaka har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙo. Tarihi ya adana mana Zainul Abidin, jikan Sayyidina Ali, wanda yake kai wa gidajen Madina abinci cikin dare, ba su san ko wane ne ba sai da ya rasu abincin ya yanke. Ba mu rasa nassi ba, kuma ban zo in ce addinin wani ya fi namu ba. Abin da nake cewa shi ne su sun gina wa nassinsu asusu da littafi da mai tsaro, mu kuma mun bar namu a bakin mai wa'azi.

A watan azumin 2024, cikin Maris, an yi rabon zakka a Bauchi, naira dubu goma-goma. Mutane suka yi dafifi a ƙofa, aka yi turmutsitsi, aka rasa rayuka, yawancinsu mata, har da yara. A Disambar wannan shekarar an sake ganin irinsa a Ibadan da Okija da Abuja, wanda ke nuna matsalar ba ta addini ɗaya ba ce. Ban zargi niyyar mai bayarwa ba, Allah ne ya san zuciya. Tsarin nake zargi. Zakka haƙƙin talaka ce, ɗaya cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa ma'aikatan da ke tattara ta cikin masu rabo, alamar cewa aiki ne da ake naɗa masa mutane su bi gida-gida su san wane ne wane. Mu kuwa sai a sanar da rana, a tara dubban mutane a rana, mai ƙarfi ya ture mai rauni, ita kuwa bazawarar da kunya ta hana ta fitowa, wadda ita ce ayar ta 273 ke nufi, ta kwana da yunwa.

Sai kuma kyamara. Yanzu buhun shinkafa ba ya fita hannu sai an tsayar da tsohuwa ta rungume shi, an ɗauke ta hoto, an watsa a Facebook da TikTok, jikokinta suna gani, abokan karatunsu suna gani. 'Yan siyasa sun fi kowa wannan, da hotonsu a jikin buhu. Amma akwai wata hanya da abin yake shigowa wadda ta shafe mu mazauna waje kai tsaye. Ƙungiyoyinmu na Ingila da Amurka da Saudiyya suna tara kuɗin ciyarwar azumi, su tura gida, su ce a turo hotuna. Me ya sa? Saboda ba su yarda da wanda suka damƙa wa kuɗin ba, kuma babu wani littafin lissafi da za su duba. Hoton fuskar talaka ya zama rasit. Rashin amanar da ke tsakanin masu kuɗi da wakilansu, talaka ne ke biyan kuɗinsa da mutuncinsa.

Yahudawa tun da daɗewa ba su bar abin a hannun mai kuɗi shi kaɗai ba. A dokarsu kowane gari sai ya kafa asusu biyu. Ɗaya na kuɗi, ana raba shi duk Juma'a ga matalautan garin, abin da zai ishe su mako. Ɗayan na dafaffen abinci, ana tarawa ana rabawa kullum, har baƙon da ya shigo gari yana ci. Wanda yake da abincin cin sau biyu ba ya karɓa daga na kullum, wanda yake da na sau goma sha huɗu ba ya karɓa daga na mako. Idan mutum ya ce yunwa yake ji ba a bincikarsa, a ba shi kawai. Idan sutura ya nema sai a duba. Mai bin gida-gida yana bara kuwa ɗan kaɗan ake ba shi, don kada bara ta fi asusu riba. Kotu tana iya tilasta wa mai hali ya bayar, har an ruwaito malami Raba ya karɓi tsabar azurfa 400 daga hannun wani attajiri da ƙarfin shari'a. Sun sa ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu a matsayin matsakaiciyar bayarwa, suka kuma hana wuce ɗaya cikin biyar don kada mai bayarwa ya koma mai roƙo. Talakan da ke cin sadaka ma an ce sai ya ba wani. Musa bin Maimun ya rubuta cewa bai taɓa gani ko jin wata al'ummar Yahudawa da ba ta da asusun sadaka ba.

Mu ma mun gwada. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi da dama sun kafa hukumomin zakka, Kano ta kafa ta zakka da hubusi a 2003, wasu masarautun Jigawa kuma sun yi suna wajen tattara zakkar hatsi. Sai dai manyan attajirai da yawa sun fi son rabawa da hannunsu, wasu don ba su amince da duk abin da gwamnati ta sa hannu a ciki ba, wasu don layin da ke ƙofar gida shi ma wani abin taƙama ne.

Maganar rance ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Muna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma rance mai kyau ya kusa mutuwa a tsakaninmu. Ka ba ɗan'uwa bashi, ka rasa kuɗin ka rasa zumuncin. Ba a rubutawa, domin wanda ya ce a rubuta sai a ce ya raina mutum, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Saboda haka mai hali ya gwammace ya ba ka kyautar dubu biyar ya huta, da ya ranta maka dubu ɗari biyar ɗin da za ta tayar da sana'arka. Daga nan sai manomi ya ci buhu da damina ya biya da ƙari mai nauyi da kaka, ɗan birni kuma ya faɗa hannun manhajojin bashi na waya, waɗanda idan ya makara suke aika wa duk lambobin da ke wayarsa saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta far musu a 2022. Adashi yana da amfani, amma sai mai abin zubi ke shiga. Tsarin ubangida da yaron shago a Kantin Kwari da Kurmi, inda bayan shekaru ake sallamar yaro da jari, shi ne abin da muke da shi mafi kusa da wancan hawa na sama, sai dai ya dogara ga kirkin mutum ɗaya, kuma mun sha jin wanda aka kora dab da sallama.

Talmud ya riƙe ɓangarorin biyu da ƙarfi ɗaya. Ya ce wanda ya ba da bashi ba shaidu ya sa wa makaho tuntuɓe, domin ya buɗe wa mai karɓa ƙofar musu. Ya kuma hana mai bin bashi ko giftawa ta gaban wanda yake bi idan ya san ba shi da abin biya, don kada ya sunkuyar da kai. Attaura ta ce a yafe basussuka duk shekara ta bakwai, da malami Hillel ya ga masu kuɗi sun daina rantawa idan shekarar ta gabato, sai ya fito da hanyar miƙa bashin ga kotu don kada ƙofar rance ta rufe wa talaka. A 1892 wasu baƙin haure Yahudawa a New York suka haɗa dala 95 suka kafa ƙungiyar ba da rance marar ruwa don 'yan talla da teloli, tana nan har yau, kuma tana ba wanda ba Bayahude ba.

Akwai kuma abin da ya shafi almajirai, wanda ban taɓa zaton zan same shi a tarihinsu ba. A gabashin Turai ɗaliban makarantun addininsu matalauta suna kwana a kan bencin majami'a, kuma kowace rana wani gida ke ciyar da su, wata rana a samu wata rana a kwana haka. Suna kiran abin kwanakin ci. Duk wanda ya san tsangaya ya gane wannan hoton. A 1803 wani malami, Rabbi Hayyim, ya buɗe makaranta a garin Volozhin, a ƙasar Belarus ta yau, ya ƙi yarda ɗalibansa su dogara da ƙofofin mutane. Ya tura wakilai garuruwa suna tara kuɗi, makaranta ta riƙa ba ɗalibi abin da zai biya masauki da abinci. Sauran makarantu suka bi sahu sannu a hankali. Ba gwamnati ce ta yi wannan ba, gwamnatin Rasha ta lokacin ba masoyiyarsu ba ce. Malamai da attajiran al'umma ne suka ga bai dace mai neman ilimin addini ya zama abin tausayi ba. Mu kuwa Kano ta hana bara a titi a 2013, ta sake hanawa a 2020, yaran suna nan, domin doka tana iya korar yaro daga titi amma ba ta dafa masa abinci.

Yanzu abin da na san yana bakin mai karatu tun daga sakin layi na farko: Gaza. Ina da raɗaɗin da kake da shi, na kuma bi sahun zanga-zanga a titunan Landan. Abin da gwamnatin Isra'ila ta yi wa Falasɗinawa, kashe yara da hana abinci shiga, zalunci ne, kuma littattafan da na ambata ba sa wanke shi, tuhumarsa suke yi, tunda a cikinsu aka ce wanda ya halaka rai ɗaya kamar ya halaka duniya ne, maganar da muka sani a aya ta 32 ta Suratul Ma'ida. Yahudawa da yawa suna faɗin haka da bakinsu. A Stamford Hill ɗin ma, ɗariƙar Satmar, wadda tana cikin manya a unguwar, ba ta yarda da kafa ƙasar Isra'ila ba bisa dalilin addini. Ba ma son a ɗora wa kowane Musulmi laifin Boko Haram, don haka ban ga yadda za mu ɗora wa matar da ke ba da aron gadon jarirai laifin jirgin yaƙi ba. Kuma ko da ma maƙiyi ne yake yin abin da Alƙur'ani ya umarce mu, hakan ƙarin kunya ne gare mu, ba hujjar kau da kai ba.

Su ma ba tsarkakakku ba ne. Attaura ta hana su cin ruwa a tsakaninsu amma ta halatta musu a kan wanda ba nasu ba, Musulunci kuwa ya hana cin ruwa a kan kowa, kuma a nan matsayinmu ya fi adalci. Ko da yake Talmud ya ce a ciyar da matalautan wasu al'ummai tare da nasu, a duba marasa lafiyarsu don zaman lafiya, a aikace yawancin gemak na 'yan gida ne. Wanda ya bar tafarkinsu yakan tarar duk ƙofofin nan sun rufe a rana ɗaya. Akwai talauci sosai a unguwar, iyalai masu 'ya'ya da yawa a matsattsun gidaje, da dogaro da tallafin gwamnati. Hukumomin Hackney, gundumar da unguwar take ciki, sun daɗe suna kokawa da makarantun samari marasa rajista, inda yaro zai girma bai iya Turanci da lissafi sosai ba, alhali littafinsu ya ce uban da bai koya wa ɗansa sana'a ba kamar ya koya masa fashi ne. An kuma zarge su da rufe laifin cin zarafin yara don gudun kai ƙara wajen hukuma. A karɓar baƙo kuwa ban ga wanda ya kama ƙafar Bahaushe ba. A zaurenmu ba a tambayar mai yunwa ƙabilarsa, kuma matan ƙauye suna shiga gonar da aka girbe su yi kala ba wanda ya hana su, abin da su sai da doka ta rubuta musu, har ta ƙayyade a bar aƙalla ɗaya cikin sittin na gona. Dole in ambaci ƙungiyar agajin gaggawarsu, Hatzola, wadda 'yan sa-kanta suke fita ko ranar Asabar ce, ranar da addininsu ya hana aiki, domin a wajensu ceton rai yana ɗage hutun Asabar, kuma ba sa tambayar addinin wanda ya faɗi.

Idan wani ya ce wannan tsari sai ƙaramar al'umma da kowa ya san kowa, to ya dubi Pakistan. A 2001 wani likita, Amjad Saqib, ya fara ba da rance marar ruwa a Lahore, ƙungiyarsa Akhuwat ta riƙa raba shi a masallatai, a gaban unguwa da dangi, ta girma har ta kai ga miliyoyin iyalai, waɗanda suka ci moriya kuma suna dawowa su zuba nasu gudummawar. Masallacin Juma'a a Fagge ko Tudun Wada ko Zangon Kumasi ya san mai shayin da tukunyarsa ta fashe da telar da kekenta ya lalace fiye da yadda kowane banki zai san su. Kuɗin da ƙungiya ɗaya ta mazauna waje ke kashewa a rabon azumin shekara guda zai iya zama jarin da zai yi ta zagayawa shekara da shekaru.

Tambayar da za ta biyo baya ita ce wa zai riƙe kuɗin, kuma a nan ne malamansu suka fi tsanantawa. Mutum biyu ke tattarawa, ba ɗaya ba, kuma ba sa rabuwa da juna lokacin aiki. Mutum uku ke rabawa, domin yanke wa zai samu nawa hukunci ne kamar na kotu. Idan mai tattarawa ya tsinci kuɗi a hanya, ba zai sa a aljihunsa ba, sai ya jefa cikin jakar asusu, in ya koma gida ya cire abinsa, don kada wani ya gan shi ya yi zato. Haka idan wanda yake bi bashi ya biya shi a kasuwa. Idan ƙananan kuɗi suka taru ana son canji, ba zai canza da nasa ba, sai ya kai wa wani. Idan abinci ya ragu za a sayar, ba shi zai saya ba. Musa bin Maimun ya ƙara da cewa kada mutum ya zuba a asusu sai ya tabbatar mai riƙe da shi amintacce ne kuma ya san aikin. A azumi mai zuwa, idan ƙungiyarmu ta nan ta zauna tara kuɗi, abin da zan nema a rubuta kafin a tura ko fam ɗaya shi ne sunayen mutum uku da za su sa hannu, da littafin da kowane mai zubi zai iya dubawa, da sharaɗin cewa ba za a ɗauki hoton kowa ba.